Darussan da na kwaso daga aikin 'yan matan Rohingya

Makon jiya na miƙa katin shaidata da kwamfutar ofis, na kuma sa hannu a takardar barin aiki, bayan kusan shekara biyu ina kula da shirin ilimin lafiya da zaman duniya na 'yan mata a sansanonin 'yan Rohingya da ke Ukiya, a gundumar Koks Bazar ta ƙasar Bangladash. Rahoton miƙa aiki na riga na rubuta shi yadda ofis ke so, cike da alƙaluma da kalmomin da ba sa ɓata wa kowa rai. Wannan kuwa na 'yan'uwana ne da ke cikin sana'ar, musamman matan da muka yi aiki tare a Maiduguri, waɗanda na ji wasunsu suna neman irin wannan gurbi, domin akwai abin da bai shiga wancan rahoto ba, alhali shi ne ya fi komai nauyi a zuciyata.

Na isa can a farkon 2022 da irin girman kan da mutum ba ya sanin yana ɗauke da shi. Na yi shekara shida a sansanonin gudun hijira na Borno, ni Musulma ce, a gidan kulle na tashi, kakata kuma ungozoma ce, saboda haka na ɗauka abin da ke wahalar da sauran baƙin ma'aikata ni ba zai wahalar da ni ba. Kwanakin farko ma sai suka ƙara mini wannan zato. Da na shiga ɗakin matan nan da su da kansu suka laƙaba wa suna shanti khana, wato gidan kwanciyar hankali, na yi sallama, suka ga hijabina, suka ga na nemi buta da azahar, sai fuskoki suka saki. Da aka zo maganar al'ada sai na ji kalmar da malamansu ke amfani da ita, haiz, wadda tushenta ɗaya da hailar da muke faɗa, na kuma ji cewa 'yan mata kunyar furta ta suke yi, sai su ce gusol, wato wanka, kamar dai yadda yarinya a Kano za ta sunkuyar da kai ta ce tana fashin salla. A ranar na koma masauki ina ji a raina gida na zo.

Tun a wata na biyu aka yi mini hannunka mai sanda, ban gane ba. A wani zama wata yarinya ta tambayi kwana nawa za ta jira kafin ta koma salla idan jini ya ƙi ɗaukewa, ni kuma ba tare da wani tunani ba na ba ta amsar da aka karantar da ni a Islamiyya, na ce kwana 15. Ɗakin ya yi tsit. Sai bayan an watse malamar rukunin ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Apa," wato yaya, "a wurinmu kwana 10 ne." Su mabiya Hanafiyya ne, mu kuma Malikiyya muka taso a kai. Na yi dariya, na gyara a zama na gaba, na ɗauki abin a matsayin ɗan tuntuɓe. Ban tsaya na tambayi kaina ba cewa idan har na yi kuskure a fagen da nake ganin na fi kowa sani a ofis ɗin, ina ga sauran.

Wannan malama ita ce tsakiyar labarin. Ba zan faɗi sunanta ba, Malama kawai zan kira ta. Shekarunta 19 a lokacin. Tana 'yar shekara 14 ta tsallako kogin Naf tare da iyayenta, cikin mutum fiye da 700,000 da suka gudo daga jihar Rakhine ta Miyanma bayan farmakin da sojoji suka fara a ranar 25 ga Agusta, 2017. Ta ɗan yi karatu a garin Maungdaw na can Rakhine kafin gudun, abin da ya sa ta zama zakaran gwajin dafi a unguwarsu. Ba ma'aikaciya ba ce a takarda, tunda ba a yarda 'yan gudun hijira su riƙe cikakken aiki ba. 'Yar sa-kai ce mai karɓar ɗan alawus na taka, kuɗin Bangladash, a ƙarshen wata. Tana tara 'yan mata 26 a bukkar wata bazawara, saboda da zarar yarinya ta ga gusol ɗinta na farko, a mafi yawan gidaje an cire ta ke nan daga cibiyar karatu, ba ta kuma fita sai da burƙa da laima, idan ma an bar ta ta fita.

Duk abin da na sani mai amfani game da rayuwar waɗannan yara a hannunta na koye shi. Kundin darussanmu ya ce a koya musu wanke ƙunzugu da sabulu a shanya shi a rana. Ita ce ta ja ni cikin wata bukka, ta ɗaga buhun shinkafa da ke jingine da bangon gora, ta nuna mini tsummoki uku a maƙale a bayansa, a jiƙe, suna warin rima, domin babu yarinyar da za ta shanya irin wannan abu inda yayanta ko maƙwabci zai gani, kuma a damina, wadda can take kama tun daga Yuni har zuwa wajen Oktoba, abin da aka ɓoye a ƙarƙashin tamfol ba ya bushewa. Ita ce ta gaya mini dalilin da ya sa yara da yawa ke kukan zafin fitsari: da gangan suke ƙin shan ruwa da rana don kada ta kama su je makewayin da gidaje da dama ke amfani da shi tare da maza, sai su jira duhu ko kafin asuba su tafi biyu-biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan sansani karin maganar ba ta buƙatar fassara, domin kowane ɗaki yoyon yake yi.

A tsakiyar daminar 2022 aka kawo mana sabuwar shugabar sashe. Mace ce mai ƙwazo, mai iya magana a gaban masu ba da tallafi, ba zan hana ta wannan ba. Sai dai ba ta taɓa cire takalmi ta zauna a tabarmar wata bukka har aka gama zama ɗaya ba. Tsarin da muke bi shi ne darasin da ya shafi halittar jikin mace, ɗaukar ciki da tazarar haihuwa ya zo can ƙarshe, bayan an yi zama huɗu da iyaye mata an nuna musu komai sun amince. Masu ba da kuɗi za su kawo ziyara, zango kuma ya kusa ƙarewa, kuma ba a ƙirga yarinya cikin waɗanda suka kammala sai ta halarci wannan darasi. Sai ta ce a tsallake zaman iyaye, za a yi shi daga baya, a kuma raba wa malamai sababbin katunan da aka bugo, masu hoton mahaifa a gaba, a baya kuma hoton ƙwaya da allura da sauran hanyoyin tsarin iyali. Na ɗan yi gardama a taro sau ɗaya, da muryar da ni kaina na san ba ta kai ko'ina ba. Ta ce idan ba zan iya tafiya da saurin shirin ba in gaya mata tun da wuri. Sabunta kwantiragina a hannunta yake, sai na ja bakina na yi shiru.

Da na kai wa Malama katunan ta jujjuya ɗaya a hannunta, ta daɗe tana kallon bayansa, sannan ta ce, "Apa, ki bari mu fara zama da iyaye mata. Idan kuma dole ne a yi darasin, ki bar katin nan a jakarki." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, a Maiduguri mun yi irin wannan har sau nawa, babu abin da ya faru. Wannan magana tawa ita ce ke tashina da dare har yau.

Zaman ya yi kyau, shi ne ma abin takaicin. Ranar Alhamis ce. Yaran suka rufe baki da gefen mayafi suna dariya, daga baya kunya ta sake su, suka yi tambayoyi masu ma'ana, wata ma ta ce ita da ta ɗauka jinin ciwo ne da ya kama ta ita kaɗai. Na fito ina murna. Ban lura ba, Malama ma ba ta lura ba, wata 'yar shekara 13 ta soke kati ɗaya a cikin burƙarta don ta nuna wa yayarta mai aure wadda ta haifi 'ya'ya uku a jere. Yayansu namiji ne ya tsinci katin. A Bangladash Juma'a da Asabar ne hutun mako, saboda haka lokacin da maganar ta kai masallaci, aka ce baƙi suna koya wa 'yan matan da ba su yi aure ba yadda za su hana kansu ɗaukar ciki, mu muna cikin gari muna shan iska a bakin teku. Ranar Lahadi da na hau tudun nan na tarar da ƙofar bazawarar a ɗaure da igiya daga ciki.

Ya kamata in san abin da hoton nan zai tayar. Waɗannan mutane ne da dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar su ba su da ƙasa, mutanen da a Maungdaw da Buthidaung sai da izinin hukuma suke aure, kuma daga wajen 2005 ake sa ma'aurata su sa hannu cewa ba za su haifi fiye da 'ya'ya biyu ba. Shekara da shekaru ana yi musu gorin cewa yawan haihuwarsu barazana ce ga ƙasa. Duk wannan na karanta shi a takardun da aka ba mu kafin mu fara aiki, amma na ajiye shi a kaina a matsayin tarihi, alhali a wurinsu miki ne da bai warke ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ni 'yar Kano ce, da wayona a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jiharmu saboda jita-jitar cewa an zuba maganin hana haihuwa a ciki, na kuma ga irin shekarun da aka kwashe kafin iyaye su sake buɗe wa masu ɗigon ƙofa. Idan akwai mutum ɗaya a ofis ɗin da bai kamata a yi masa bayanin wannan tsoro ba, ni ce.

Mu ma'aikata kafin yamma muke barin sansani. Da la'asar direba zai fara danna ham, mu shiga mota, mu kama hanyar sa'a ɗaya da rabi zuwa gari. Malama a can take kwana. Da dare kuwa sansanin yana hannun wasu ne daban, kuma tun da aka harbe jagoran 'yan Rohingya Mohib Ullah a ofishinsa da ke sansanin Kutupalong a Satumbar 2021, babu wanda ke ɗaukar gargaɗin dare da wasa. Wasu mutane da fuska a rufe suka je bukkar mahaifinta. Ba su taɓa kowa ba, sun dai gaya masa cewa kada a sake ganin 'yarsa da jakar ƙungiya. Washegari ya aiko ƙanenta da jakar. Kafin wata biyu ya aurar da ita, domin a ganinsa hanyar da ta rage ke nan ta kare mutuncinta bayan sunanta ya shiga bakin mutane, kuma tunda a can dangin amarya ne ke kai wa dangin ango kuɗi da kaya, sai da ya ci bashi kafin auren ya yiwu. A cikin 'yan mata 26 ɗin nan babu ko ɗaya da ta dawo a wannan shekara.

A taron da aka kira don bin ba'asi, shugabar tamu ta zo da rahoto a rubuce tun kafin a saurari kowa. An ce 'yar sa-kai ta gaza kula da kayan koyarwa, jami'ar shirin kuma, wato ni, ta gaza sa ido. Babu inda aka ambaci cewa an ba da umarnin tsallake zaman iyaye, kuma ba ni da hujja, domin da baki aka ba ni shi, a tsaye, a bakin ƙofar ofis. Abu biyu na roƙa. Na farko a biya Malama alawus ɗin watannin da suka rage mata, na biyu mu je a hukumance mu ba mahaifinta haƙuri a gaban majhi, wato mai unguwarsu, don jama'a su san ba ita ta kawo katin ba. Aka ce babu gurbin wannan kuɗi a kasafi, zuwa ba da haƙuri kuma tamkar amsa laifi ne a madadin ƙungiya. Bayan 'yan watanni aka yi wa shugabar ƙarin girma zuwa wata ƙasa, muka yi mata liyafar ban kwana, har aka sa ni in faɗi 'yan kalmomi. Ina yi mata fatan alheri a inda take. Shawarata dai ga duk mai shiga wannan aiki ita ce, umarnin da aka ba ki da baki, ki mayar da shi saƙon imel kafin rana ta faɗi, ki rubuta cewa kamar yadda kika umarce ni ɗazu zan yi kaza, ki kuma ajiye kwafi. Za a ce kin cika taurin kai, amma ba a mutuwa da wannan.

Sai dai laifi tudu ne, na daɗe ina take nawa ina hango nata. Ita ba ta san sansanin ba, ni na sani. Ita ba a gargaɗe ta ba, ni an gargaɗe ni, da harshe mai taushi, daga bakin wadda ta fi mu duka sanin wurin kuma ita kaɗai ce za ta ɗauki sakamakon. Na auna kwantiragina da maganarta, kwantiragin ya rinjaya, sannan na lulluɓe abin da sunan ƙwarewar da na samo a Maiduguri.

A farkon 2023 na koma wannan unguwa, ba da izinin kowa sosai ba. Wata biyar ban tara yarinya ko ɗaya ba. Tsofaffin mata nake bi gida-gida, da ungozomomin gargajiya, da matar limamin da suke kira Huzur. Rana ta farko wata tsohuwa ta bar ni a tsaye a bakin ƙofa cikin rana har sai da ta gama tsince shinkafarta tas, sannan ta ɗago ta ce da tafintata, "Ki tambaye ta, yau me ta kawo a jakar?" Na buɗe jakar na juye ta a gabanta, babu komai ciki sai ruwan sha da carbi. Na ce, "Khala," wato inna, "yau zuwa na yi a koya mini." Ba ta amsa ba, amma ta tura mini kujerar tsuguno da ƙafa. Da muka sake buɗe rukunin, matar Huzur ce ke fara kowane zama da babin tsarki daga littafinsu na fiƙihu, daga nan malama ta ɗora bayanin lafiya a kai, kuma kowace uwa tana da damar zama a bayan ɗaki ta saurara. Maganar tazarar haihuwa muka mayar da ita zaman matan aure kawai, inda ake farawa da ayar shayarwa ta shekara biyu. Hoto kuwa da alli ake zana shi a allo, a goge kafin a buɗe ƙofa. Da yara 11 muka fara, na baro 43. A teburin alƙaluman ofis wannan unguwa ce ta ƙarshe a duk zangon da aka yi lissafi, kuma a cikin duk abin da na yi a ƙasar nan ita kaɗai nake iya ambata ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Tafinta ɗan Citagon, wato ɗan Bangladash na wannan yanki, ba ɗan Rohingya ba ne, harsunan sun yi kusa amma a maganar jiki da ciwo sukan rabu, don haka a nemi mace 'yar cikin sansanin ta maimaita abin da aka fassara. Kafin a ba yarinya ƙwayar ƙarin jini a gaya mata da uwarta cewa bayan gida zai yi baƙi, in ba haka ba a rana ta uku za a zubar da ita. Darasin tsafta ba tare da sabulu a hannu ba cin fuska ne. Yarinyar da ta balaga ba za ta zauna a ajin manhajar karatun ƙasar Miyanma da aka fara a sansanin a ƙarshen 2021 ba sai in malamar mace ce, ajin na mata ne zalla, kuma akwai babbar da za ta raka ta. Game da jiragen ruwan da ke kwasar 'yan mata zuwa aure a Malesiya, yaran sun fi kundinmu sani, saurare ya fi lacca amfani. A 2023 kuma, da Hukumar Abinci ta Duniya ta rage tallafin kowane mutum daga dala 12 a wata zuwa 10 a Maris, sannan zuwa 8 a Yuni, na ga yadda darasin cin abinci mai gina jiki ya zama abin da malamai ke jin nauyin karantawa, na kuma ga iyayen da suka yi mana alkawarin jira sun fara karɓar maganar aure, don a rage bakin ci guda a gida.

Kwana uku kafin in taso na nemi izinin surukar Malama na je na gan ta. Tana zaune bayan labule da jaririya a cinya, ta rame, amma muryar tana nan yadda na san ta. Na haɗa 'yan kalmomin da na iya na harshensu na roƙe ta gafara, ba tare da tafinta ba, don ba na son wani ya gyara mini maganar. Ta ce, "Apa, ke ma aiko ki aka yi." Na so ta yi fushi, da ya fi mini sauƙi. Daga nan ta sauya magana, ta ce ƙannen mijinta biyu sun fara gusol, kuma da dare idan kowa ya kwanta sukan zo su tambaye ta abubuwa, tana gaya musu abin da ta tuna, sai dai ɗayar tana yawan jiri, cikin idonta ya yi fari. Ta tambaya ko zan iya sa a kawo mata ƙwayar ƙarin jini, amma a ba surukarta a hannu, kada a kawo da jaka mai tambari. Na rubuta wannan a shafin farko na takardar da na bar wa wadda za ta gaje ni, na ja layi biyu a ƙarƙashinsa. Muna cikin magana wayata ta yi ƙara, direba ne yake cewa ƙarfe huɗu ta yi, sauran duk sun shiga mota, ni kaɗai ake jira.